Tambaya uku tsakanin gida da gidan kaso: yadda ake koya wa ɗaliban lauya tsayuwa gaban alƙali

Shekara biyu da suka wuce na je wata kotu a arewacin Kamaru domin sauraren shari'ar wani tsohon ɗalibina. Bayan ya bar makaranta ya shiga fataucin albasa, yana saye a ƙauyuka yana lodi zuwa kudu. Wani Alhaji a unguwarsu ya ba shi sefa dubu 400, babu takarda, babu sa hannu. Mota ta lalace a hanya, ta kwana huɗu a bakin daji, albasa ta ruɓe, kuɗi suka nutse. Da Alhaji ya gaji da jira sai ya kai ƙara wajen jandarma, daga nan magana ta kai gaban alƙali da tuhumar cin amana.

A kotu Alhaji ya yi bayani da Hausa, ya ce: "Na ba shi kuɗin nan bisa amana." Duk Bahaushen da ke zaune a wurin ya san nufinsa: na yarda da yaron, shi ya sa ban nemi takarda ba. Amma da tafinta ya juya maganar zuwa Faransanci, abin da ya shiga kunnen alƙali shi ne an damƙa wa yaron kuɗi ya riƙe, ya cinye.

Lauyar da ke kare shi matashiya ce, kuma tana jin Hausa. Da aka ba ta dama, sai ta yi wa Alhaji tambaya uku ta bakin tafinta.

"Alhaji, kun sa ranar da zai biya?"

"Mun sa, bayan Babbar Salla."

"Da ya ci riba, kuna da kaso a ciki?"

"A'a, kuɗina kawai zai mayar mini."

"Ke nan rance kuka ba shi?"

"Rance ne mana, ai ba kyauta na ba shi ba."

Ta roƙi kotu a rubuta wannan amsa kamar yadda ta fito, ta zauna. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya ci amana, amma sashen da kansa ya ware rancen kuɗi, ya ce ba ya ciki. Alƙali ya sallami yaron daga tuhumar, ya kuma shaida wa Alhaji cewa bashinsa na nan, yana da damar binsa ta hanyar ƙarar neman haƙƙi. Daga baya dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata.

Da muka fito, mahaifiyar yaron tana ta cewa yarinyar nan Allah ya yi mata baiwa. Ban musa ba. Sai dai na san tambayoyin nan uku ba a tsaye aka ƙirƙire su ba. Akwai inda ake koyon su, akwai yadda ake koyar da su, kuma ya kamata iyaye da ɗalibai da duk wanda wata rana zai iya samun kansa a kotu su san yadda abin yake.

Sanin doka daban, iya shari'a daban

A yawancin jami'o'in yankinmu masu koyarwa da Faransanci, daga Yamai zuwa Ngaundere da Njamena, shekaru ukun farko na karatun lauya zama ne da saurare. Malami yana gaba yana bayani, ɗalibai cike da zaure suna rubutawa. Jarrabawa ma akasari a rubuce take: a ba ka hukuncin wata kotu ka yi masa sharhi, ko a ba ka wata matsala ka warware ta a takarda. Wannan karatu shi ne tushe, domin wanda bai san sashe na 318 ba, ba zai san me zai tambayi Alhaji ba. Amma ɗalibi zai iya karɓar digirin lisans bai taɓa miƙewa ya yi magana ta minti biyar a gaban wanda ke da ikon katse shi ba.

Kotu kuwa ba ta jira. Alƙali yana da tulin kundaye a gabansa, shaida zai iya canja magana, abokin karawa yana sauraren inda za ka yi tuntuɓe. Kalma ɗaya da ta kuɓuce ba ta dawowa, magana zarar bunu ce.

Saboda haka kowace ƙasa ta sa wani mataki tsakanin jami'a da baƙar riga. A Kamaru, dokar 19 ga Disamba 1990 ta wajabta jarrabawar shiga, sannan koyon aiki na shekara biyu a ofishin wani lauya, sannan jarrabawar fita. A Nijar da sauran ƙasashen UEMOA, ƙa'idar bai ɗaya da aka amince da ita a Satumban 2014 ta tanadi takardar ƙwarewa ta CAPA da koyon aiki na shekara uku. Gana ta kafa makarantar horar da lauyoyi a Akra tun 1958. Najeriya ta kafa tata a 1962, kuma yanzu tana da rassa, ciki har da na Bagauda a jihar Kano da na Yola, inda ɗalibi ke yin shekara guda, a ciki a tura shi zama a kotu da kuma ofishin lauya. 'Yan Kamaru da dama, musamman daga yankin masu Ingilishi, can suke zuwa su yi wannan horo.

Koyon aiki a ofis yana da wata matsala da kowa ya sani: ya danganta da maigidan da ka samu. Wani zai tafi da kai kotu, ya bar ka ka yi magana, ya gyara maka a hanyar komawa. Wani kuwa ɗaukar jaka da kai takardu kawai za ka yi har wa'adi ya cika. Wannan giɓi ne ya sa aka fara shigo da horon tsayuwa gaban alƙali cikin jami'a tun da wuri.

Kotu iri biyu a yanki ɗaya

Kafin a koya wa ɗalibi magana a kotu, sai an san wace irin kotu zai shiga, domin Turawan mulkin mallaka tsari biyu suka bar mana.

A tsarin da aka gada daga Faransa, wanda Nijar da Chadi ke bi, nauyin shari'ar laifi yana kan kundin da 'yan sanda ko jandarma, wani lokaci da alƙali mai bincike, suka haɗa kafin ranar zama. A zauren kotu shugaban kotu ne ke jagorantar tambayoyi, lauya yana yin nasa da izininsa. Babban makamin lauya a nan shi ne karanta kundin da idon basira, da kuma jawabin ƙarshe, inda ɓangaren kariya ne ke rufe magana.

A tsarin da aka gada daga Ingila, wanda Najeriya da Gana ke bi, alƙali ya fi kama da alƙalin wasa. Kowane ɓangare shi ke kawo shaidunsa, ya yi musu tambayoyi, ɗaya ɓangaren ya titsiye su. A nan shari'a takan tashi ko ta faɗi a bakin shaida.

Kamaru ta gaji duka biyun. Shekara da shekaru yankin masu Faransanci yana bin tsohon kundin Faransa, yankin masu Ingilishi yana bin dokar da aka ɗauko daga Najeriya. Dokar 27 ga Yuli 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007, ta haɗe su cikin kundi guda na bin kadin laifuka, ta kuma shigo da tambayar shaida kashi uku a duk faɗin ƙasar: wanda ya kawo shaida ya fara, abokin karawa ya titsiye shi, sannan wanda ya kawo shi ya gyara abin da ya rikice. Lauyoyin Garwa da Marwa da suka saba da jawabin ƙarshe sai da suka koyi sabuwar sana'a. Wannan dama ce lauyar da na ambata ta yi amfani da ita.

Kada a ɗauka bambancin nan na masana ne kawai. Yajin aikin da lauyoyin yankin masu Ingilishi suka fara a Oktoban 2016, daga cikin koke-kokensa akwai tura alƙalan da aka horar da tsarin Faransa zuwa kotunansu, da rashin fassarar Ingilishi ta dokokin kasuwanci na OHADA. Kowa ya san inda rikicin ya kai ƙasar.

Kotun gwaji

Hanyar da ta fi shahara wajen horar da ɗalibai ita ce kotun gwaji. A ƙirƙiro shari'ar da ba ta faru ba, a raba ɗalibai gida biyu, malamai ko alƙalai na gaske su zauna a kujerar hukunci. Gasar Jessup, wadda ake kammalawa a Washington, tun 1960 ake yin ta a kan dokokin ƙasa da ƙasa. Gasar Jean-Pictet, a kan dokokin yaƙi, ta fara a 1989. A ɓangaren dokokin kasuwanci akwai gasar ɗalibai ta OHADA, ƙungiyar da Nijar da Chadi da Kamaru ke cikin mambobinta 17.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce gasar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda cibiyar haƙƙin ɗan Adam ta jami'ar Piretoriya ke shiryawa tare da jami'ar da ta karɓi baƙunci. Ta fara a 1992 a kudancin Afirka, ta game nahiyar a 1995, kuma yanzu tana ɗauke da sunan Farfesa Christof Heyns, wanda ya rasu a Maris 2021. An yi ta a Yawunde a 2003, a Legas a 2009, a Kwatano a 2010, a Kumasi a 2023.

Kowace jami'a tana tura ɗalibai biyu, an fi so mace da namiji. Watanni kafin gasar ake raba labarin shari'ar, kamar za a gurfana gaban kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya. Ɗalibai su rubuta hujjojinsu, sannan su zo su kare su da baki. Abin da ya fi horar da su shi ne dole kowace tawaga ta tsaya wa mai ƙara a wani zagaye, ta tsaya wa gwamnatin da ake ƙara a wani. Wanda ya kare ɓangare biyu ya san ramin da ke cikin hujjarsa kafin abokin karawa ya nuna masa. A zagayen ƙarshe kuma ana cuɗa tawagogin da suka yi fice, mai Faransanci ya samu kansa gefe ɗaya da mai Ingilishi ko Fotugis, suna aiki ta hanyar tafintoci.

Irin kotunan da ake kwaikwayo a gasar suna taɓa rayuwar talakawa da gaske. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a ƙarar Hadijatou Mani, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Sai dai a lura da wani abu. A irin waɗannan manyan gasa babu shaidu. An riga an rubuta abin da ya faru, gardama a kan doka kawai ake yi. Ɗalibin da ya ci kofi zai iya kasa yi wa mai sayar da albasa tambaya ɗaya mai amfani. Domin haka akwai nau'i na biyu, shari'ar gwaji mai shaidu, inda wasu ɗalibai ke zama mai ƙara da wanda ake tuhuma da ɗan sandan da ya yi kamu. Wannan ce ta fi kama da abin da sabon lauya zai tarar a ƙaramar kotu ranar Litinin da safe.

Abin da ake koyarwa

Abu na farko shi ne tsara shari'a a dunƙule. Malami zai ce wa ɗalibi ya faɗi matsayinsa cikin jimla ɗaya da kakarsa za ta gane. A shari'ar albasa jimlar ita ce: rance ne, ba ajiya ba. Duk tambayar da ba ta hidima wa wannan jimla, a ajiye ta.

Na biyu, tambayar shaidar da kai ka kawo. A nan ba a yarda ka sa masa magana a baki ba. Tambayoyinka su zama buɗaɗɗu: wa, ina, yaushe, me ya biyo baya. Aikinka ka ja baya, shaida ya ba da labarinsa bi da bi.

Na uku, titsiye shaidar abokin karawa, kuma a nan ƙa'idar ta juya. Tambaya ta zama gajera, mai ɗauke da gaskiya guda ɗaya, wadda amsarta i ce ko a'a. Kada ka tambayi abin da ba ka san amsarsa ba. Kada ka ce "don me", domin ka buɗe masa ƙofar jawabi ke nan. In ka samu abin da kake nema, ka zauna. Da lauyar nan ta ƙara da cewa, "To me ya sa kuka ce amana?" da Alhaji ya samu filin mayar da maganar inda ta fito. Kuma ba ta ɗaga masa murya ba, ba ta kira shi maƙaryaci ba, domin bai yi ƙarya ba. A wurinmu wanda ya ci mutuncin dattijo a bainar jama'a, ko ya yi nasara a kotu, ya bar wa wanda yake karewa gaba a unguwa.

Na huɗu, amsa tambayar alƙali. Sabon ɗalibi yakan ɗauki katsewa a matsayin hari, ya ce zai zo kan wannan daga baya. Ana koya masa ya amsa nan take, domin tambayar tana nuna masa abin da ya tsaya wa alƙali a rai, kuma nan ne shari'ar take.

Na biyar, jawabin ƙarshe. Ƙungiyar lauyoyin Paris tana da tsohuwar al'adar gasar jawabi, inda ake zaɓen matasan lauyoyi 12 duk shekara, a riƙa ba su manyan shari'o'in laifi na waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Al'adar girmama fasahar baki ta bi Faransanci har zuwa kotunanmu. Amma masu horarwa suna yawan jan kunne cewa daɗin baki ba ya maye gurbin tsari: faɗi abin da kake roƙo, kawo dalili mafi ƙarfi a farko, ka fuskanci raunin shari'arka da kanka kafin a jefe ka da shi.

Yadda ake gyara ɗalibi ma yana da hanya. Cibiyar NITA da aka kafa a Amurka a 1971 ta yaɗa tsarin koyo ta hanyar yi: ɗalibi ya miƙe ya yi, a gyara, ya sake. Wani alƙali ɗan Ostareliya, George Hampel, ya tsara gyaran cikin matakai shida da ake amfani da su wajen horar da lauyoyin Ingila. Malami ya zaɓi kuskure guda ɗaya tak ya ambace shi. Ya maimaita wa ɗalibi ainihin kalmomin da ya furta. Ya bayyana dalilin da ya sa hakan matsala ce. Ya faɗi maganinta. Ya miƙe ya nuna da kansa. Sannan ɗalibi ya sake yi. A matsayina na malami na ga hikimar wannan. Yaron da ka jera wa kurakurai goma ba zai gyara ko ɗaya ba, tsoro kawai zai koya.

Giɓin da ya fi shafar mu: harshe

Duk gasar da na lissafa da Faransanci ko Ingilishi ko wani harshen hukuma ake yin ta. Amma mutumin da ke tsaye a akwatin tuhuma a Garwa, ko Kumasi, ko Njamena, sau da yawa ba ya jin ko ɗaya. Inda Hausawa suke 'yan tsiraru abin ya fi tsanani, domin tafintan da ke kusa zai iya kasancewa gwanin Fulatanci ne, ko Larabcin Chadi, ko Tuwi, Hausarsa kuwa ta ciniki ce.

Doka ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, a sashe na 14, ta ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Kundin Kamaru na 2005 ya ce shugaban kotu ya naɗa tafinta wanda ya kai shekara 21, ya rantsar da shi, kuma ɓangarorin shari'a suna da damar ƙin amincewa da shi. Amma haƙƙin da ke takarda sai an samu wanda ya san lokacin da zai miƙe ya neme shi.

Ga misali daga kundin nan. Idan kotu ta ga akwai hujjar da wanda ake tuhuma zai amsa, tana ba shi zaɓi uku: ya yi bayani ba tare da rantsuwa ba, ya yi shiru, ko ya rantse ya ba da shaida, wanda hakan ke ba mai gabatar da ƙara damar titsiye shi. Wannan zaɓi zai iya juya shari'a gaba ɗaya. In aka fassara shi cikin gaggawa, mutum ya ce "to", shi ke nan. Kuma "to" ɗin Bahaushe, da "na ji", sau da yawa ladabi ne, ba amincewa ba.

Abin lura shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin ba. Muna bambanta aro, wanda za ka mayar da ainihin abin, da rance, wanda za ka mayar da kwatankwacinsa, da ajiya, da jingina, da bashin kaya, da jarin da aka ba mutum a raba riba. Faransanci da kalma ɗaya yake kiran aro da rance, sai an yi mata ƙari kafin a rarrabe. Ɗalibin da ya taso a zango yana ɗauke da wannan ilimi tun daga gida, amma ba kasafai ake ce masa dukiya ba ce a ajin lauya. A Nijar, kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko hakan zai kai zauren kotu, ya danganta da horar da lauyoyi da tafintoci masu iya shari'a da harshen.

Wurin da ɗalibi ke haɗuwa da wannan gaskiya shi ne cibiyar taimakon shari'a ta jami'a, inda ɗalibai ke karɓar koken talakawa a ƙarƙashin kulawar malami. A Najeriya ƙungiyar NULAI, da aka kafa a 2003, ita ta jagoranci buɗe irin waɗannan cibiyoyi, jami'ar Maiduguri na cikin na farko, kuma tana shirya gasar zantawa da mai neman shawara. A nan ɗalibi ke koyon sauraren tsohuwar da za ta fara labarinta daga auren kakanta, har ya tsamo abin da doka ke buƙata. Buƙatar tana da girma, domin mafi yawan lauyoyi a manyan birane suke. A Nijar, hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da aka kafa da dokar Disamban 2011 har mutanen da ba lauyoyi ba take amfani da su wajen kare marasa hali a inda babu lauya. Su ma wannan horo suke buƙata.

Koyar da lauye-lauye ne?

A zauren hira ba a rasa mai cewa sunan lauya ya dace da shi, tunda lauya zance ne aikinsa. Wasu iyaye saboda haka suke hana 'ya'yansu wannan karatu. Damuwar tana da tushe: wanda ya fi iya magana zai iya rinjayar mai gaskiya, kuma malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan cin haƙƙin wani da ƙarfin hujja.

Amma a duba shari'ar albasa. Lauyar ba ta ce yaron bai karɓi kuɗi ba. Ba ta hana Alhaji haƙƙinsa ba. Ta sa kotu ta ji abin da ya faru da sunansa na gaskiya. Horo na ƙwarai yana tafiya da ƙa'idojin sana'a: ba a yaudarar kotu, ba a kitsa wa shaida ƙarya, ba a tona sirrin wanda ake karewa. Kuma tsayawa wani a gaban shari'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kotun alƙali ta san wakili, ta san bincikar amincin shaidu, ta san i'izari, wato tambayar mutum ko yana da sauran magana kafin a yanke hukunci. Idan masu gaskiya suka guje wa koyon hujja, fagen ya rage wa waɗanda ake tsoro.

Abin da za a iya farawa da shi

Kotun gwaji ba ta cin kuɗi. Aji ɗaya, teburi uku, da labarin shari'a na shafi biyu sun isa. Ga ɗalibin lauya, shawarata ita ce ya riƙa zuwa kotu mafi kusa, tunda galibin zaman shari'a a buɗe yake ga kowa, ya zauna da littafi yana rubuta tambayar da ta yi aiki da wadda ta ɓata. Ya haɗa abokai huɗu su riƙa gwaji: ɗaya lauya, ɗaya shaida mai Hausa kawai, ɗaya tafinta, ɗaya alƙali. Su ɗauki abin da waya su saurara. Nan za su gane cewa doguwar tambaya ba ta tsallake bakin tafinta lafiya, kuma karin magana yakan mutu a hanya. Su buɗe littafin kalmomi, Hausa gefe guda, harshen kotu gefe guda, su kai wa dattawan kasuwa da malaman fiƙihu su duba musu.

Ga malaman sakandare irina, muhawara a aji ita ce matakin farko, musamman in aka sa yaro ya kare ra'ayin da ba nasa ba, aka kuma ba 'yan mata fili daidai da maza. Ga ƙungiyoyin Hausawa da sarakunan zango, ɗaukar nauyin kuɗin motar ɗalibai biyu zuwa gasa, ko gayyatar su su yi shari'ar gwaji da Hausa a gaban jama'a, abu ne da ba ya fi ƙarfinsu. Masu kallo ma za su tashi da sanin cewa suna da damar neman tafinta, da damar cewa ba su gane ba, da damar ƙin sa hannu a takardar da ba a karanta musu da harshensu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon ɗalibin nawa ya koma fataucinsa, ya kusa gama biyan Alhaji, kuma yanzu ko buhu ɗaya zai karɓa sai an rubuta. Ƙanwarsa tana aji na ƙarshe a makarantarmu. Kwanan baya ta tsayar da ni a bakin ofis tana tambayar takardun da ake buƙata domin shiga sashen lauya.